Batirin Ya Kai Magariba

Yaya Habu,

Assalamu alaikum. Ya aiki, ya Anti Rabi da yara? Mu nan Gaya lafiya lau, ƙafar Inna ma da sauƙi.

Direban nan da nake rubutawa ya kammala, wato 'yar manhajar da ke haɗa zuciyar kwamfuta da guntun da ke kula da caji. Na gwada shi a asibitin Kademi, inda kwamfutar ungozoma ke mutuwa kafin azahar. Wannan karon ta kai magariba. Ungozomar ta ce, "Yau ba wadda na mayar gida." Masu dubawa sun karɓi aikin.

Inna dai gyaran waya take ce masa, na ƙyale ta.

A sa mu a addu'a. Ka gaida Kawu Sale.

Ƙanwarka,
Binta