Gurbin Anini a Akwatin Tela

Litinin, 3 ga Maris

Matar Tela ta aiko wai in leƙo gobe idan na rufe shago. Tun rasuwarsa ba na son taka gidan nan, ba na iya ganin keken ɗinkinsa lulluɓe da zane. Na san maganar akwatin ce.

Shekara da shekaru ni da shi muna tara tsofaffin sulalla, shi da haƙuri, ni da surutu. Ya haɗa jeri guda na kuɗin zamanin kakanninmu, tun daga kwabo mai huda har fataka mai sule biyu, kowanne a gurbinsa cikin akwatin katako da ya shimfiɗa wa karan-miski da hannunsa. Gurbi ɗaya ne ba kowa, na wani anini da ba a buga da yawa ba. Aninin kuwa yana wurina, cikin kwalbar da nake zuba ƙananan kusoshin agogo. Duk ranar da ya zo shan shayi sai ya ce, "Mai agogo, sayar min da aninin nan ka huta." In ce, "Kai sayar min da akwatin ka huta." Ya ce to mu zuba ido mu ga wa zai gaji wani.

Ga shi na gani, kuma ban ji daɗin gani ba.

Talata, 4 ga Maris

Matar Tela za ta koma wurin 'yarta da zama. Surukinta zai zo da mota ranar Juma'ar sama. Ta ce ba ta son ta shiga gidan mutane hannu rabbana, shi ya sa za ta sayar da akwatin, kuma ni ta fara tunawa. In ban so ba, sai ta kai wa dillalin kayan da, wanda ya taya a hannun Tela bara. Farashin nan na bara ta riƙe.

Sai ta buɗe akwatin.

Ƙyalli suke kamar sababbin cokula. Ta ce, "Malam, kwana da kwanaki na yi a kansu. Toka da lemun tsami, masu taurin kai kuma na sa musu soson ƙarfe. Marigayi ya bar su sun yi baƙi ƙirin kamar ba su da mai su."

Baƙin nan shi ne darajar. Shi mai saye yake biya, ba ƙarfen ba. Na sa gilashin duba agogo a ido, duk fuskokin sun karce, rubutun wasu ya shafe. Da na ɗago sai na ga yatsunta duk sun saɓule. Abin da ya fito daga bakina kawai, "Sannu da aiki." Na ce ta ba ni 'yan kwanaki.

Laraba, 5 ga Maris

Na sa wa agogon mutane batir a juye, har mai shi ya tambaya ko lafiya.

Alhamis, 6 ga Maris

Na faɗa wa uwar yara. Ta ce, "To ka gaya mata gaskiya mana." Na ce ke za ki iya? Ta ci gaba da tsince shinkafa, can ta ce, "Rufin shagon naka fa? Ko bana ma da bokiti za ka tari ruwa?" Abin da na tara na rufin ne, kuma shi ke nan abin da nake da shi.

Ta ƙara da cewa laifinmu ne mu maza, "kar ki taɓa" kawai muka iya, ba mu taɓa cewa don me ba.

Asabar, 8 ga Maris

Na biya ta wurin dillali, kamar hanya ce ta bi da ni. Ban ambaci kowa ba, na ce in an kawo masa jeri saura ɗaya, amma wankakke, yaya zai saya? Ya yi dariya har da buga tebur. "Wankakke? A sikeli nake aunawa, Malam, kuɗin tsohon ƙarfe. Wane mara hankali ne ya yi wannan ɓarna?"

Haka zai faɗa mata ido da ido, bakinsa ba linzami. Ina ta hango ta a tsaye gaban teburin nan da akwatin a hannu.

Lahadi, 9 ga Maris

In da hankali za a bi, bai cancanci saye ba. Na juya ta nan, na juya ta can, amsar ɗaya ce. Ko na saka aninina ya cika, jerin ya riga ya mutu. Tela, ka bar ni da aiki. Haushinka nake ji yau, kuma ina kewarka.

Talata, 11 ga Maris

Na tafi wurin matar Tela da niyyata cikakkiya: in yi mata bayani a hankali, in taya daidai abin da ya dace. Har na haddace kalmomin a hanya.

Ta kawo min shayi a kofinsa. Ɗakin duk ƙullin kaya, keken ma an ɗaure shi da igiya. Kafin in buɗe baki ta ce, "Tun da ya kwanta, duk abin da na yi masa bai yi amfani ba. Magani, addu'a, jinya. Wannan kaɗai na sa hannu ya fito da kyau."

Na saya. Yadda ta faɗa, ban rage ko sisi ba. Katakon akwatin mai kyau ne, ɗinkin karan-miskin ma ba a samun irinsa yanzu, ba za a ce na yi asara gaba ɗaya ba.

A bakin ƙofa ta ce, "Ka kawo shi da aninin a ciki kafin in tafi. Kullum yana maganarsa, ni ban taɓa ganin akwatin a cike ba."

Alhamis, 13 ga Maris

Na saka shi a gurbinsa. Ya zauna cif, amma baƙi ne shi kaɗai a tsakiyar masu ƙyalli. Tana gani za ta tambaya don me mai gyaran agogo, mai goge-goge, ya bar nasa haka. In ta tambaya, ƙarya ba ta zama a bakina. Dillali ya sha roƙona aninin nan saboda baƙinsa.

Uwar yara ta sayo bokiti sabo, ta ajiye a ƙofar shago.

Juma'a, 14 ga Maris

Sun tafi da hantsi. Na kai mata akwatin tana shirin shiga mota. Ta buɗe, ta bi jerin da yatsa har ta kai kan aninin, ta daɗe a wurin. Ta ce, "Ashe kai kana kula da naka, Malam. Dubi yadda ya dace da 'yan'uwansa." Ta yi murmushi, rabon da in ga haka tun yana raye.

Uwar yara tana cigiyar lemun tsaminta da ta ajiye a kicin. Na ce ban gani ba. Ta kalli yatsuna, ta miƙo min man shafawa.

Ashe da zafi haka.