Guntun da Ya Ɓace a Jikin Mijin Yaya

Litinin, 3 ga Maris

Yau ma surukar Yaya ta zo da gorar jiƙo. A gabana ta dire ta a kan tebur, ta ce wa Yaya: “Shanye, ko Allah zai sa cikin nan ya san amfaninsa.” Ta ƙara da cewa in shekarar nan ta fita shiru, ɗanta zai sallame ta. Yaya ta shanye.

Alhamis, 6 ga Maris

Muna wanke-wanke Yaya ta faɗa mini: tun bara likita ya ce matsalar daga mijinta take. Wani ɗan guntu ne babu a kuromosom ɗinsa na Y, wato ƙwayar gadon da maza kaɗai ke da ita, daidai wurin da ke kula da samar da ƙwayoyin maniyyi. “Auta, ki rufa mana asiri.” Abin da na karanta ke nan a jami'a, aiki ne dai ban samu ba tukuna.

Asabar, 8 ga Maris

Juya. Haka Hajiya, surukar Yaya, ke kiran 'yar'uwata a gaban baƙi. Zan jira ranar da falonta ya cika da ƙawayenta, in ce: “Hajiya, daga jininki ne.” Ina so in ga fuskarta. Na gwada a gaban madubi, muryata ba ta yi rawa sosai ba.

Talata, 11 ga Maris

Na sake buɗe littattafaina don kada in yi kuskure. Ai na sani, mantawa na so in yi. Y daga uba yake zuwa, mace ba ta da shi sam. Galibi ma uban lafiyarsa lau, guntun yakan ɓace ne tun wajen samun cikin. Wato maganata ƙarya ce. To sai me? Wa zai gane a falon nan?

Juma'a, 14 ga Maris

Mijin Yaya ya tarar da ni ina shanya. “Likitar da ba ta da asibiti!” Na ce masa gara ni da mai barin matarsa tana shan ɗaci a madadinsa. Dariyar ta ɗauke. Ya daɗe yana juya makullin motarsa. Sai ya ce, “Ban san yadda ake faɗa wa uwa ba. Ki raka ni.”

Zan raka shi mana. Da ma abin da nake nema.

Lahadi, 16 ga Maris

Ba ƙawaye, mu uku ne kawai. Shi ya faɗa da bakinsa, yana kallon kafet. Hajiya ta kashe talabijin. Na jira ta musa, ko ta ce asiri aka yi masa. Sai ta juyo gare ni, ɗankwalinta ya zame ba ta ma gyara ba.

“'Yar nan, ke da kika yi karatun... ni na ja masa?”

Ga ta a hannuna.

Na ce, “A'a, Hajiya. Ba ta wajen uwa yake zuwa ba. Ba laifin kowa ba ne.”

Na faɗa ne don haka yake a kimiyyance, ba don komai ba. Ban yafe mata ba, kuma dole ne ta je ta ba Yaya haƙuri. Ruwan da na miƙa mata kuwa, kofin ne kawai yake kusa da ni.