Giwar Ƙarshe da Ƙafar Dogo

Zuwa ga ƙanena abin ƙaunata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa ta zumunci da girmamawa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta riske ka cikin ƙoshin lafiya, kai da mai ɗakinka da yara. Mu nan sai godiya. Goggo ta samu sauƙin gwiwoyinta, matar Auta kuma ta sauka lafiya, an samu mace. Na nemi wayarka ba ta shiga, shi ya sa na damƙa saƙon nan a hannun direban da ke bin hanyarku. Ka nemi wuri ka zauna kafin ka ci gaba, domin maganar ɗanka Dogo ce. Yana raye, amma yana kwance a asibiti, kuma likita yana so ya yanke masa ƙafar dama.

Dajin bayan gari da ka sani babu shi. Tun tafiyarka ake haihuwa, ake aure, ake yanka filaye, har gidaje suka kai bakin rafi suka tsallaka. Ban ga laifin kowa ba, domin jikokina ma suna cikin masu ginin. Barewa ta ɓace, gada ta ɓace, na manta rabon da in ji kukan kura. Garken giwayen nan da muke hawa bishiya mu kalla, an yi ta harbinsu har saura uwa ɗaya da ɗanta, su ma a rame, suna yawo tsakanin gonaki.

A makon jiya da hantsi uwar giwar ta shiga gonar Dogo, ta fasa rumbunsa. Ya tara samari, ya yi yadda mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, ya koya mana: a kora daga ɓangare uku da wuta da bugun garwa, a bar mata na huɗu ta fice. Bai yi kuskure a dabarar ba. Sai dai ɓangaren da ya bari, wanda a zamaninmu daji ne, yanzu sabuwar unguwa ce. Da jin hayaniya mutane suka fito kallo, suka toshe layin, kowa ya ɗaga waya. Ta je ta tarar da katangar mutane, ɗanta yana kuka a ƙarƙashinta, sai ta juyo kan masu korar.

Maƙerin bakin kasuwa ta fara samu. Ta naɗe shi da hanci ta maka da katanga, sannan ta durƙusa a kan ƙirjinsa, na ji ƙarar haƙarƙarinsa daga inda nake tsaye. Bai shura ba. Dogo ya ruga ya jawo shi, ta soke cinyarsa da haure, ta taka ƙaurinsa har ƙashi ya fito ta fata. Daga nan masu bindiga suka buɗe mata wuta. Ta faɗi tana gurnani, jini yana malala cikin kwata, aka hau ta da gatari da adduna tun tana numfashi. Ɗan ya tsaya yana tura kansa cikin cikinta, wani ya sare masa hanci, sauran suka ƙarasa shi. Na ɗaga murya ina roƙo a bar shi, wani yaro da na halarci sunansa ya ce in matsa, tsoho, kada jini ya ɓata mini riga. Wajen rabon nama kuma aka kaure da faɗa, har mahauci ya rasa yatsu biyu. Kafin azahar babu abin da ya rage sai ƙasusuwa da ƙudaje.

Yanzu ƙafar Dogo ta soma baƙi tana wari, likita ya ce ruɓar tana hawa sama, in ta kai ciki babu sauran magani. Shi kuwa ya ƙi. Ka san bakinsa: ya ce abin da giwa ta rage masa, mai farar riga ba zai ƙarasa ba. Matarsa ta yi kuka, Goggo ta zage shi tas, ni na lallashe shi har muryata ta dushe. Amsarsa ɗaya ce, wai da ƙafa biyu kai mahaifinsa ka bar shi, ba zai rabu da ɗaya ba sai ya ji daga bakinka. Don haka ina roƙonka, da zarar ka karanta wannan, ka ari wayar maƙwabci ka kira ni, in kara masa a kunne. Kada ka tsaya shirin tafiya, hanya tana da nisa, ruɓar kuwa ba ta jira. Ka ce masa ya yarda.

Ka gaishe mini da mai ɗakinka, da Ƙaramar Inna, da surukinka malamin makaranta. Goggo da Auta da matar Dogo suna gaisuwa. Ina zaune a bencin ƙofar ɗakinsa, wayar tana hannuna.

Ni ne naka,
Yayanka.