Yatsun Nura

Laraba da dare, Al-Shumaisi

Sai magariba muka baro asibiti. Yatsun Nura biyu sun karye.

Jibi masu bincike za su zo, kuma tunda sojoji muke yi wa kayan gyara, dole a kulle bayanan kowace laftof da mabuɗin sirri. Ni na koya wa Nura, sabon injiniyanmu, aikin. Ni na ce masa, "Bar laftof ɗin a buɗe ta gama, mu je salla."

Da muka dawo, mudir, shugaban kamfaninmu, na tsaye a kanta. Nura ya miƙa hannu zai yi bayani, mudir ya maka masa murfin a yatsu, ya danne. Na ji ƙarar ƙashi. Gilashi ya tsage, jini ya ɓata madannai. Na tsaya ina kallo, ina tunanin iƙamata, takardar izinin zamana a ƙasar nan, da ke hannunsa.

A mota Nura ya ce, "Malam, kwantar da hankalinka, ban ambaci sunanka ba." Wallahi gara ya zage ni.

Gobe za su kore shi. Na rubuta wa mudir cewa umarnina ne, kuma na ga abin da ya yi. Na tura kafin tsoro ya dawo.