Birkin Motarmu da Hannun A'i

Litinin, 5 Nuwamba 1956

Yaya Inusa ya dawo daga Kamba da fatun birki, waɗanda ke kama ƙafar mota in an taka, ƙunshe a tsumma, yana murmushi kamar ya kawo zinariya. Na ce masa na wata mota ne, ba na tamu ba. Ya ce mai shagon ya rantse za su shiga. Mai shago! Ni da na tuƙa motar soja har yaƙin Indoshin, yanzu maganar mai shago ta fi tawa. Motar nan tamu ce mu biyu, amma shi ke saye, ni ke shiga ƙarƙashi.

Laraba, 7 Nuwamba

Na goge gefensu da magagari, na huda sababbin ramuka, na ɗaura. Sun zauna, ba don ina so ba. Tun farkon kaka nake cewa a aika Yamai a kawo na ainihi. "Gyaɗa ba ta jira, Maikano." Amsarsa ke nan kullum.

Jumma'a, 9 Nuwamba

Mota tana ja hagu in na taka birki. Akwai kuma wani ƙwal! a gaba, duk ramin da muka faɗa. Na gaya masa a kasuwa, gaban mutane, da gangan. Ya ce ƙarar nan ai ta daɗe, tun kafin fatunsa. Na ce mi ya sani game da mota ban da ɗora mata buhu?

Wataƙila ta daɗe ɗin. Ban kula ba. Fatun ne.

Lahadi, 11 Nuwamba

Ko sannu ba mu yi wa juna ba yau.

Talata, 13 Nuwamba

Dole in rubuta abin da ya faru yau.

Muna dawowa daga Kore Mairuwa da gyaɗa. A'i, ɗiyar Inusa, tana bisa buhuna a baya, daga wurin kakarta muka ɗauko ta. A wani gangare shanu suka yanko hanya. Na taka birki. Sitiyari ya ƙwace daga hannuna, mota ta yi hagu ta faɗa kwazazzabo. A'i ta wuntsulo ƙasa. Da na ɗaga ta hannunta na dama yana lilo, ko kuka ba ta yi ba, sai kallona take tana cewa, "Baba Maikano, takalmina."

Wani Bafillace, Modibbo, mai shanun, shi ya ɗaure hannun da kara, shanunsa kuma suka ja motar zuwa gari.

A ƙofar gida na ce wa Inusa, "Ga aikin fatunka." Da ƙarfi na faɗa, Asiya matarsa tana ji.

Alhamis, 15 Nuwamba

Maɗori ya ce karaya biyu ce, amma za ta haɗu. Inusa bai fita rumfarsa ba. Asiya ta ce tuwon jiya yana nan yadda ta ajiye masa. Ya ji a jikinsa. Ai na faɗa, na sake faɗa.

Asabar, 17 Nuwamba

Na ɗaga gaban motar bisa kututture don in ciro fatun in kai masa har ɗaki. Na buɗe hagu, na buɗe dama. Lafiyarsu lau. Sun ci daidai, babu mai, babu tsagewa. Na sake dubawa don haushi.

Sai na kama ƙafar hagu na girgiza, na ji ta tafi baya ta dawo. Na kwanta ƙasa. Lam ne, ƙarafan nan da aka jera bisa juna suna ɗauke da nauyin mota. Babban na sama ya karye dab da inda aka ɗaure shi. Rabin karayar ya yi tsatsa baƙi ƙirin, rabin yana ƙyalli. Wato ya daɗe da tsagewa, ran Talata ya ƙarasa. In an taka birki ƙafar hagu ta ja baya, mota ta bi ta. Ko fatun Faransa aka sa, haka za ta yi.

Na jefar da sifana har ta fasa tulun matata Habsatu. Ta ce mi tulunta ya yi mini? Na ce ta bar ni.

Lahadi, 18 Nuwamba

Ban gaya masa ba. Wa ke lodin da ya wuce kima in ba shi ba? Ko ta ina aka bi, laifin nasa ne.

Ni ne dai ke jin ƙarar kullum a ƙarƙashin ƙafata.

Talata, 20 Nuwamba

Na je duba A'i. Na tarar da shi zaune bakin tabarmarta yana ba ta fura da ludayi, ya rame, rawani ma babu. Ya ce, bai dube ni ba, "Ka sayar da motar, Maikano. Ni na karya ta." Ban sani ba motar yake nufi ko yarinyar.

Na tashi na fita. Na dawo da guntun ƙarfen na ajiye gabansa. Na nuna masa tsatsar. Na ce, "Yaya, ba fatunka ba ne. Wanga ne." Ya juya shi a hannu ya daɗe. Ya ce, "Yaushe ka gani?" Na ce Asabar. Ya ɗaga kai ya dube ni, ya ce, "Asabar." Shi ke nan. Da ma zagina ya yi.

Alhamis, 22 Nuwamba

Gobe za mu Doso neman lam, a motar gidan waya. Ni na ce ya zo. Ba don komai ba, ya fi ni iya magana da 'yan shago.

Fatun na bar su a jiki. Ba su da kyan gani, amma suna kamawa.