Kukan da Ya Ƙi Wucewa

Yaya Bulus,

Gaisuwa mai yawa. Yaya karatu, yaya sanyin Jos? Ina fata Anti Rahila da yara suna lafiya. Mu nan Lausu sai godiyar Allah.

Yaya, mun binne autata Talatu ranar Asabar. Zazzaɓi ne, kafin mu isa asibiti a Rano ta cika a cinyata. Maƙwabta sun yi mana kara, har Hajiya Dije ta rugar Fulani ta wuni tare da ni.

A bakin kabari wata dattijuwar cocinmu ta riƙe ni ta ce, "Saratu, yi shiru, mai bin Yesu ba ya kuka." Sai na tuna kalmar nan ta Helenanci, harshen Girka, da ka koya mana da ka zo hutu, edakrusen, wadda aka faɗa game da Yesu a kabarin abokinsa. Ka ce ba kururuwa take nufi ba, hawaye ne suka zubo masa. Na ce mata, "Mama, ai shi ma ya zubar." Ta sake ni.

Amma ka ce sigar kalmar tana nuna abin da ya auku ya wuce. Nawa bai wuce ba, Yaya. Ko jiya sai da na zuba mata koko a kofinta kafin na tuna. Don Allah ka duba mini, akwai sigar da suke yi wa kukan da ake ta yi kullum?

Ka gaida kowa. Ku sa mu a addu'a, musamman babanta, har yau bai buɗe baki ya ambaci sunanta ba.

Ƙanwarka,
Saratu