Ƙanƙarar Wa Ania

Litinin, 6 ga Janairu

Jirgin ruwan nan shi ya kawo ni tsibirin nan ina saurayi, da takardar digiri a jaka, aka ce shekara biyu zan koyar a mayar da ni birni. Ga shi na yi furfura. Duk ɗalibin da na wahala a kansa, jirgin ya kwashe shi, har da 'yata Hasni. Yau an sanar a masallaci cewa ƙarshen wata zai daina zuwa, wai fasinja sun yi kaɗan. Na ce ya tafi, Allah raka taki gona. Na faɗa da ƙarfi don a ji.

Laraba, 8 ga Janairu

Matata Wa Ania ce ta tambaya, tana fere rogo, ko kallona ba ta yi ba: "Malam, to ƙanƙarar fa?"

Ban yi wannan tunanin ba. Allurarta ta ciwon suga sai da sanyi, mu kuwa wuta ba ta wuce ta janareto da magariba. Tun da ciwon ya kama ta, kwalaben suna cikin akwatin La Bolu mai sayen kifi, a gefen ƙanƙarar da jirgi ke kawo masa Talata da Juma'a, binne cikin ƙaiƙayin shinkafa. Safe da yamma nake zuwa in ɗauko.

Juma'a, 17 ga Janairu

La Bolu ya ce shi ma tashi zai yi. "Ba ƙanƙara ba kifi, Malam. Ko so kake in sayar wa mutane wari?" Ya yi dariya, ni ban yi ba. Ya ce ƙanƙarar ƙarshe tawa ce, kyauta.

Hasni ta bugo waya. "Baba, ku biyo jirgin ƙarshe, don Allah. Akwai firji a nan." Na ce ba zan je in kwanta a tabarma a falon suruki ba. Lokacin da nake roƙon a mayar da ni birni ba wanda ya amsa.

Juma'a, 31 ga Janairu

Jirgin ya zo, ya tafi. Gari duk ya fita gaɓa, mata na kuka kamar an yi mutuwa. Ban je ba. Na ji ƙahonsa daga ɗaki. Wa Ania ta ajiye tsintsiya har ya yi shiru.

Talata, 4 ga Fabrairu

Ƙanƙara ta koma kamar ƙwan kaza. Ina buɗe akwatin ina rufewa, na san buɗewar ke cinye ta, na kasa dainawa.

Alhamis, 6 ga Fabrairu

Ta narke. Na sa kwalaben a tulu na zura cikin rijiya. Ruwan da sanyi-sanyi. Zai isa. Dole ya isa.

Iskar yamma ta taso, ko masunta ba sa fita.

Asabar, 22 ga Fabrairu

Wa Ania tana shan ruwa kamar ba gobe. Na ɗaga kwalbar a rana, ban gane komai ba. Kamar yadda take kullum, ko kuwa idona ne. Na yi mata allurar, sai a karo na biyu ta shiga. Ta ce, "Tsoho, kifi kake sokewa?" Ta yi murmushi, leɓenta a bushe.

Ina tsoro. A nan kaɗai zan faɗa.

Litinin, 24 ga Fabrairu

Da hantsi ta kira ni da sunan yayanta da ya rasu tun tuni.

Na ruga wurin La Tiri mai kwalekwale ya kai mu asibitin birni. Ya dubi teku ya dube ni. "Malam, ka ga abin da nake gani kuwa?" Na ce na gani. Na durƙusa masa a kan yashi, yaron da na taɓa kora daga aji. Ya ce, "Tashi, kana ba ni kunya. Ɗauko Mama."

Ban iya rubuta hanyar. Na kwanta a kanta don kada ruwa ya ɗauke ta, La Tiri na ta salati.

Lahadi, 2 ga Maris

Ta farfaɗo a asibiti. Likita ya ce maganin ya lalace, zafi ya kashe shi. Ya ce ko bayan an sallame ta, sai inda akwai firji da asibiti a kusa. Hasni ba ta yi min faɗa ba. Gara ma ta yi.

Juma'a, 14 ga Maris

Tabarmar falon ba ta da laifi. Surukin yana gaishe ni.

Bayan sallar Juma'a ƙafa ta kai ni tashar jirage. Jirgin namu yana can gefe a ɗaure, tsatsa ta fara cin bakinsa. Na tambayi mai gadi ko an ce zai koma aiki. Tambaya ce kawai. Ya ce sayar da shi za a yi.

Da na dawo Wa Ania ta ce wa ke ba kajinta ruwa, kuma ko na rufe rijiya. Na ce La Tiri na kula. Ban sani ba ko yana yi.

Ba za ta sake ganin gidanta ba.